Gajeren Zangon Ɗan Ƙwallo: Daga Gidan Babangida na Kaduna zuwa Filayen Tahaggart

Lacca ga matasa da iyaye a unguwar Tahaggart, Tamanrasset



A garin Kaduna akwai gida ɗaya da ya fitar da 'yan ƙwallo uku, kuma dukkansu sun tsallaka Turai sun ci abinci da ƙafarsu. Su ne Tijjani da Ibrahim da Haruna Babangida. Duk wanda ya kai shekara arba'in, daga Kano har Agadas, ya san sunan na farkon. Na ukun, masu bin ƙwallon Sifaniya kan tuna shi. Na tsakiyar kuwa, da yawa ba su sake jin sunansa ba sai ranar da aka yi sanarwar rasuwarsa. Idan samari suka zauna hirar ƙwallo bayan isha'i, labarin irin su Tijjani suke yi. Amma labarin Ibrahim da na Haruna su ne suka fi kama da abin da ke samun mafi yawan yaran da suka sa ƙwallo a gaba.

An haifi Tijjani a 1973. Ya yi wa Niger Tornadoes ta Minna wasa, daga nan kulob ɗin Roda JC na ƙasar Holan ya ɗauke shi a 1991, ya ba da aronsa ga VVV-Venlo. Gajere ne, ga gudu, yana bin gefen dama yana barin masu tsaron baya a bayansa. A 1996 Ajax ta Amsterdam ta saye shi don ya maye gurbin Finidi George, a shekarar da shi da abokansa suka ci lambar zinariya ta Olamfik a Amurka, bayan sun doke Brazil 4 da 3, suka doke Ajantina 3 da 2. Shi ya ci ƙwallo ɗaya tilo da Najeriya ta jefa a ragar Denmak a gasar cin kofin duniya ta 1998. A Legas kuma, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka na 2000, tun mutane ba su gama zama ba ya zura wa Afirka ta Kudu ƙwallo a minti na farko, ya ƙara ta biyu kafin hutun rabin lokaci. Wannan shi ne wanda ya fi yin fice a gidan. To, amma a lura: bayan aro zuwa Turkiyya da Saudiyya da wani ɗan zama a ƙasar Sin, ya rataye takalmi yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. Shekarun da tela ko makaniki yake fara jin daɗin sana'arsa, a nan mafi sa'a cikin 'yan ƙwallo yake sallama da tasa.

Ibrahim, wanda aka haifa a 1976, ya riga wansa cin gasa ta duniya. Yana cikin tawagar 'yan ƙasa da shekara 17 da ta je Japan a 1993 a ƙarƙashin koci Fanny Amun, ta doke Ghana 2 da 1 a wasan ƙarshe a Tokyo. Abokan tafiyarsa su ne Nwankwo Kanu da Wilson Oruma da Celestine Babayaro. Shekara biyu bayan nan Kanu ya ɗaga kofin zakarun Turai da Ajax. Babayaro ya bi ta Anderlecht ya kai Chelsea. Ibrahim ya ci gaba da wasa a gida, har a ƙarshen shekarun 1990 ya samu shiga Volendam, ƙaramin kulob na wani garin masunta da ke arewa da Amsterdam. Ya yi 'yan shekaru a can. A farkon shekarun 2000 sunansa ya fita daga jerin 'yan wasan Turai, bai kai shekara talatin ba. Ranar 9 ga Mayu 2024 Allah ya yi masa rasuwa a hatsarin mota a hanyar Kaduna zuwa Zariya, Tijjani na cikin motar, ya ji rauni. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

Babu abin kunya a tarihin Ibrahim, kuma bai kamata kowa ya ji shi da wannan kunnen ba. Yaro ya ɗaga kofin duniya, ya yi wasa a Holan, an biya shi. Cikin dubun yaran da ke buga ƙwallo a lungunan Tudun Wada da Unguwar Sarki a wancan zamani, 'yan kaɗan ne suka kai rabin inda ya kai. Abin dubawa shi ne tsawon zangon: 'yan shekaru ne, sannan aka koma rayuwa irin ta kowa, da sauran shekaru masu yawa a gaba da ake bukatar abin da za a ci a cikinsu.

Labarin Haruna ya fi taɓa zuciya, domin a bakin masu sani shi ne ya fi 'yan'uwansa baiwa. An haife shi a 1982. Yana ɗan shekara goma sha huɗu zuwa sha biyar ya tsinci kansa a makarantar yaran Barcelona, wadda a lokacin take wani tsohon gidan dutse a gindin filin Camp Nou. Louis van Gaal, wanda ya horar da Tijjani a Ajax, shi ne kocin Barcelona tun daga 1997. A atisayen share fagen kaka ta 1998 ya ɗauki Haruna ya tafi da shi Holan tare da manya, ya sa shi a wasan sada zumunta yana ɗan shekara 15. A tuna su wane ne manyan: Luis Figo, Rivaldo, Pep Guardiola, Luis Enrique. A tuna kuma su wane ne yaran da ya tashi da su: Xavi, Puyol, Victor Valdes, Pepe Reina, Andres Iniesta, Mikel Arteta. Shi Arteta, wanda yau yake horar da Arsenal, ya taɓa faɗa a bainar jama'a cewa a waɗancan shekaru bai ga yaron da ya kai Haruna iya ƙwallo ba.

Duk da haka Haruna bai taɓa buga wa babbar tawagar Barcelona wasan gasar La Liga ba. Ya daɗe a tawaga ta biyu yana cin ƙwallaye, aka ba da aronsa ga Terrassa, aka ba da shi ga Cadiz, a 2004 ya tafi Metalurh Donetsk ta Yukren. Daga can sai Olympiacos ta Girka, inda ya ci kofin gasar ƙasar, sai Apollon ta tsibirin Cyprus, sai Kuban ta Rasha, sai Mainz ta Jamus, sai Vitesse ta Holan, sai Kapfenberg ta Austriya, ya ƙare a Mosta ta tsibirin Malta. Ƙasa tara ke nan. Rigar Super Eagles kuwa sau ɗaya ya sa ta, a wasan sada zumunta da Japan a Agusta 2003.

Me ya faru? Masu saurin yanke hukunci kan ɗora wa yaro laifi, su ce ya yi wasa da damarsa. Kafin a yi wannan, a dubi abin da ke rubuce. Van Gaal ya bar Barcelona a 2000. Tsakanin 2000 da 2003 kulob ɗin ya canza koci har sau biyar, daga Serra Ferrer zuwa Rexach, Van Gaal ya dawo ya sake tafiya, Antic ya riƙe na ɗan lokaci, sannan Rijkaard. Kowane koci na neman ceton kujerarsa, ba ya da lokacin renon yaro. A gurbin da Haruna ke bugawa aka yi ta sayo 'yan wasa da miliyoyi: Simao, Overmars, Geovanni, Quaresma. Wanda aka kashe kuɗi a kansa shi ake sawa, ko don shugaban kulob ya kare kansa a gaban 'yan jarida. Ga kuma doka da ta ƙayyade yawan 'yan wasan da ba 'yan Tarayyar Turai ba a kowace tawaga, dokar da ba ta shafi Xavi ko Iniesta ba. Sannan akwai abin da ba ya shiga lissafi. Iniesta ya sha ba da labarin kukan da ya yi a darensa na farko a wancan gidan dutse, yana ɗan shekara 12, alhali garinsu na cikin Sifaniya, iyayensa na iya zuwa a mota. Sai a auna yaron da ya baro Kaduna, babu mai jin harshensa, babu tuwon gida, babu uwa kusa.

Baiwa ita kaɗai ba ta isa. Wannan ba ra'ayin mai lacca ba ne kawai, alƙaluma sun nuna shi. A 2016 ƙungiyar 'yan ƙwallon duniya, FIFPRO, ta fitar da sakamakon tambayoyin da ta yi wa 'yan wasa kusan 14,000 a ƙasashe 54. Kashi 45 cikin 100 na samun ƙasa da dala 1,000 a wata. Kashi 41 cikin 100 sun fuskanci jinkirin albashi. Tsawon kwantiragi kuwa, a tsakaice, bai cika shekara biyu ba. Waɗannan fa su ne waɗanda suka riga suka shiga, suka sa hannu a takarda. Ba a ƙirga waɗanda suka tsaya a bakin ƙofa ba.

Akwai kuma jiki, wanda shi ne jarin ɗan wasa gaba ɗaya. A nan yana da kyau a leƙa wata ƙasa mai nisa da wani wasa dabam, don a ga cewa wannan al'amari bai san talaka ko mai kuɗi ba, bai san Afirka ko Turai ba.

A ƙasar Ostireliya suna da tasu ƙwallon da ba a yin ta sosai a ko'ina sai can. Filin mai siffar ƙwai ne, ya fi namu girma nesa, ita ma ƙwallon haka siffarta take. Mutum goma sha takwas ne a kowane ɓangare. Ana bugawa da ƙafa, ana cafkewa da hannu, ana naushinta zuwa ga abokin wasa. A kowane ƙarshen fili akwai sanduna huɗu a tsaye, babu raga, babu mai tsaron gida irin namu. Wanda ya buga ta ratsa tsakanin sandunan tsakiya ya ci maki shida, ta gefe kuma maki ɗaya. Abin da ya fi burge 'yan kallo shi ne cafka: idan aka ɗaga ƙwallo sama, an yarda mutum ya taho a guje ya taka bayan abokin karawarsa, ya ɗora gwiwa a kafaɗarsa, ya kama ta a can sama. Idan ya kama kafin ta taɓa ƙasa, alƙalin wasa zai ba shi damar bugawa ba mai taɓa shi. Ranar wasan ƙarshe a birnin Melbourne, kusan mutum 100,000 ke cika fili.

A wannan wasa aka yi wani saurayi mai suna John Coleman, haifaffen 1928. Ranar da ya fara buga wa kulob ɗin Essendon a 1949, ya ci Hawthorn ƙwallo 12. A kakarsa ta farko ya ci 100 cif, a ta biyu 120, kuma duka shekarun biyu Essendon ce ta ɗauki kofi. Ana raba wasan kashi huɗu ne, ana canza gida a kowane kashi, to sai jama'a su ma su tashi ɗungurungum su zagaya zuwa ɗaya ƙarshen filin, don kawai su tsaya kusa da inda Coleman zai yi tsalle. A 1954 ya ci Fitzroy ƙwallo 14 a wasa ɗaya. Mako ɗaya bayan nan, ranar 5 ga Yuni, a filinsu na gida, suna karawa da North Melbourne, ya je neman ƙwallo kamar yadda ya saba, gwiwarsa ta goce. Aka ɗauke shi daga fili. Aka yi aiki, gwiwa ba ta koma daidai ba. Shekararsa 25. Wasa 98 ya buga wa Essendon, ya ci ƙwallo 537, bai sake bugawa ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa aka kawo labarinsa nan. A zamanin Coleman 'yan wasan Ostireliya ba su dogara da ƙwallo kaɗai ba, kusan kowa na da aikin da yake yi a ranakun mako. Shi ya kama sana'ar gudanar da otal, ya rayu da ita. A 1961 ya dawo Essendon a matsayin koci, ya ci musu kofi a 1962 da 1965. Ya rasu a 1973 yana da shekara 44, kuma har yau lambar yabon da ake bai wa wanda ya fi cin ƙwallo a gasar ƙasar sunansa take ɗauke da shi. Gwiwa ta raba shi da fili a rana ɗaya, amma ba ta raba shi da abinci ba.

Gwiwar ɗan Tahaggart ba ta fi ta Coleman ƙwari ba. A cikin gwiwa akwai wasu jijiyoyi biyu da suka gitta juna, su ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri kada su zame. Idan ƙafa ta kafe a ƙasa, jiki kuma ya juya, ta gaban takan tsinke. Wanda abin ya sama yakan ji ƙara a cikin gwiwar, kafin dare ta kumbura suntum. Bayan makonni kumburin ya saɓe, ya fara takawa, ya ɗauka ya warke. Ranar da ya koma fili ya zo yanke mutum, sai ƙafar ta sake tafiya ta bar shi. Wannan jijiya ba ta haɗuwa da ɗori ko shafa man zafi, domin ba ƙashi ne ya karye ba. A Turai yau tiyata ake yi, a bi da gashi da motsa jiki na wata shida zuwa tara ko fiye, kulob ya biya, albashi na tafiya. Yaron da ke buga wa unguwa a kan tsakuwa da takalmin roba, wa zai biya masa? Sani Emmanuel, wanda aka zaɓa gwarzon gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da Najeriya ta karɓi baƙunci a 2009, gasar da aka buga wasu wasanninta a Kano da Kaduna da Bauchi, ya kai har Lazio ta Italiya. Raunuka suka hana shi sakat, ya bar wasa tun yana farkon shekarunsa na ashirin.

Wani lokacin ma ba sana'ar kaɗai ke yankewa ba. A 1996, da Kanu ya koma Inter Milan, likitocin kulob suka gano matsala a zuciyarsa. Aka kai shi Amurka aka yi masa aiki, ya dawo ya yi wasa fiye da shekara goma. Awon likita ne ya zama sanadin tsirarsa. Samuel Okwaraji bai samu wannan ba, ya faɗi a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta 1989 ana karawa da Angola, bai tashi ba. Shekara talatin bayan nan, a Maris 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya ana wasa da Katsina United, rahotanni suka ce motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi. A nan Aljeriya ma ba a manta Albert Ebossé ba, ɗan Kamaru da ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasar a kakar 2013 zuwa 2014, da ƙwallo 17 a rigar JS Kabylie. Ranar 23 ga Agusta 2014 ya ci wa kulob ɗinsa ƙwallo a Tizi Ouzou, USM Alger ta yi nasara 2 da 1, aka tashi wasa cikin jifa, kafin dare ya cika yana da shekara 24. Hukuma ta ce abin da aka jefo ne ya same shi a ka, likitan da iyalinsa suka sa ya duba gawar a Kamaru ya ce raunukan sun fi kama da duka. Rai dai ya tafi. Ajali na hannun Allah, babu musu, amma ɗaure raƙumi na hannun mutum, kuma awon zuciya da motar asibiti mai tashi na cikin ɗaurin.

Yanzu a dawo gida. Duk wanda ya bi ta Tahaggart da la'asar sakaliya, lokacin da iskar duwatsun Ahaggar ta fara sanyaya gari, zai ga yara sun kafa duwatsu biyu sun yi gola. Wani da rigar Mahrez, wani da ta Osimhen, wani da ta Mena, tawagar Nijar. Cikinsu akwai waɗanda aka haifa a nan, akwai waɗanda suka zo daga Damagaram da Tawa da Maraɗi da Kano, sun wuni suna cuɗa siminti ko hura wutar gasa nama, amma da ƙwallo ta taɓa ƙafarsu sai gajiya ta gudu. Wannan abu ne mai kyau, kuma babu mai hankalin da zai hana shi. Ƙwallo na raba yaro da ƙwaya, tana haɗa Bahaushe da Buzu da Balarabe a fili ɗaya. Inda matsalar take shi ne ranar da wani ya zo ya dafa kafaɗar yaro ya ce masa yana da hanya, akwai kulob a Aljiyas ko Tunis ko Marseille da ke neman irinsa, a kawo kuɗin gwaji da na takardu.

Ya kamata kowane uba ya san yadda cinikin ɗan wasa ke tafiya, don kada a ci da guminsa. Tun 2001 dokar FIFA ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata, sai a 'yan wasu halaye ƙayyadaddu, kamar iyaye su yi ƙaura don dalilin da ba na ƙwallo ba. Irin tafiyar da Haruna ya yi yana ƙarami, yau an toshe ta. Barcelona da kanta an hukunta ta a 2014 saboda karya wannan doka, aka hana ta rajistar sababbin 'yan wasa na tsawon zango biyu na ciniki. Ko wanda ya kai 18, ba ya buga wa kulob na wata ƙasa sai hukumar ƙwallon ƙasarsa ta aiko da takardar sallama ta na'urar FIFA. Ma'ana, sai yana da rajista a gida tukuna, da suna da ranar haihuwa da fasfo da suka yi daidai da juna. Tun 2009 kuma ana ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasannin yara don gano masu rage shekaru. Wanda ya ƙetaro iyaka ta Assamaka da In Guezzam babu takarda, ko ya fi Pele iyawa, babu kulob mai rajista da zai iya sa shi a wasa. Tsakanin nan da Aljiyas kusan kilomita 2,000 ne, cike da shingayen bincike, kuma kowa a wannan zama ya san motocin da ke kwasar mutane su sauke su a bakin iyaka. Ita ma gasar Aljeriya ba aljanna ba ce ga baƙo: a 2015 hukumar ƙwallon ƙasar ta dakatar da ɗauko 'yan wasan waje na wani lokaci, kuma cikin dalilanta har da kulob-kulob da ba sa biyan albashi.

A dubi waɗanda suka kai, a ga ta ina suka bi. Ahmed Musa ya taso a Jos, ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya fi kowa a gasar Najeriya. VVV-Venlo, kulob ɗin da Tijjani ya taɓa yi wa wasa, ta saye shi, amma sai da ya jira ya cika shekara 18 a Oktoba 2010 kafin a bar shi ya taka leda. Moussa Maazou ya yi fice a ASFAN ta Yamai kafin Lokeren ta Beljiyam ta ɗauke shi a 2008, daga can CSKA Moscow. Hicham Boudaoui ɗan Béchar ne, garin Sahara kamar wannan, ya shiga makarantar ƙwallo ta Paradou a Aljiyas, ya ɗaga kofin Afirka da Aljeriya a 2019 yana ɗan shekara 19, ya tafi Nice ta Faransa. Babu ko ɗaya cikinsu da ya bi bayan motar dillali cikin dare. Kowannensu kulob ne ya gan shi a gasar da ake rubuta sakamakonta, ya zo ya biya. Kulob na gaskiya shi ke aiko da tikiti da takardar gayyata. Duk wanda ya ce yaro ne zai biya, ɗan damfara ne, ko da ya zo da hotunansa da manyan 'yan wasa a waya.

Rajista na da wani amfani da masu horar da yaran unguwa ba su cika sani ba. A dokar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob-kulob da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. Kocin da ya sha rana yana renon yaro ba tare da ya yi masa rajista a hukuma ba, ya yi wa wani noma ne.

Ko an kai ɗin, lissafin bai ƙare ba. A 2017 yaran Nijar sun je gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Indiya, karo na farko a tarihin ƙasar, suka doke Koriya ta Arewa 1 da nema, suka kai zagaye na biyu kafin Ghana ta fitar da su. An yi murna daga Yamai har nan Tamanrasset. Kowa ya gwada lissafa sunayen waɗancan yara da yake ji yau a rediyo, zai ga yatsun hannu ɗaya sun ishe shi. Sauran suna nan da ransu, suna neman na sawa a baki kamar kowa. Ahmed Musa ya gane wannan tun yana ganiyarsa: yana cin ƙwallo a Rasha da Ingila, yana gina gidan mai da cibiyar wasanni a Kano. Tijjani kuma, bayan ya bar fili, ya shugabanci ƙungiyar 'yan ƙwallon Najeriya, inda babban aikin shi ne bin haƙƙin 'yan wasan da kulob ya cinye wa albashi, da neman taimako ga tsofaffin taurarin da ciwo ya kwantar ba su da kuɗin magani.

Saboda haka ga roƙo. Iyaye, kada ku sayar da gona ko awakin gida don wani ya yi alƙawarin kai ɗanku Turai, kuma kada ku cire yaro daga makaranta ko daga gaban ubangidansa na sana'a saboda an ce ƙafarsa na da kyau. Masu horarwa, ku nemi hanyar yi wa ƙungiyoyinku rajista, ku rubuta shekarun yara na gaskiya, kuma yaron da ya ce ƙirjinsa na ciwo ko numfashinsa na sarƙewa, ku fitar da shi ku kai shi asibiti a ranar. Ku kuma samari, ku buga ƙwallonku da yamma iya son ranku, amma da safe ku kasance a aji, ko a shagon walda, ko gaban keken ɗinki, ko teburin gyaran waya. Wanda yake jin lallai yana da abin nunawa, ya koma inda takardunsa suke, ya shiga kulob mai rajista a Agadas ko Damagaram ko Kano, ya buga a inda ake gani. Kuma kada ɗayanku ya sa hannu a takardar da bai ji abin da ke cikinta ba, sai wani nasa mai karatu ya karanta masa ita tun daga farko har ƙarshe.

Allah ya tsare mana ku, ya sa albarka a ƙafafunku da hannuwanku.